Aljanin da Ba Ya Son Fiyano

Ku gyara zama, 'yan uwana mata, har da ku mazan da kuke laɓewa kuna karanta mu, in an tambaye ku ku ce labarin ƙwallo kuke dubawa. Sunana Safara'u, 'yar Malam Muntaka manomin gyaɗa, a wani ƙauye bayan Minjibir da ba zan faɗi sunansa ba, don gari ne da in ka yi atishawa a gabas za a amsa maka daga yamma. Yau asirin kaina zan tona. In kun haɗu da Innata a kasuwa tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ku saya ku wuce, kada ku nuna mata kun san komai.

Ina jin duk faɗin jihar Kano ni kaɗai ce na ji daɗin cire tallafin mai, Allah Ya yafe mini. Jama'a na kuka, kwanon gero ya gagari talaka, Baba ya jingine babur ya kakkaɓe tsohon kekensa, Inna ta daina kai niƙa inji ta koma turmi, ni kuwa har kumatu na yi. Dalili kuwa, janareto ya yi shiru. Masu dije na biki sun kasa sayen mai, amare suka koma tarewa da guɗa kawai, gari ya yi tsit sai kukan kurciya. Wata takwas cur ban faɗi ba.

Eh, faɗuwa nake yi, kuma kiɗa ne yake kayar da ni. Ba kowane kiɗa ba. Kalangu bai dame ni ba, luguden daka ma ni ce gwanarsa. Abin da ba ma shiri da shi shi ne waƙar fiyano ta zamani, irin wadda ake matse muryar mace a inji ta fito siririya tana rawa kamar ta sauro. Da ta yi minti ɗaya ko biyu a kunnena sai in ji wani abu ya taso daga cikina zuwa maƙoshi, in ji warin ƙonannen gashi, in ji kamar an taɓa yin wannan zaman da waɗannan mutanen. Daga nan ban ƙara sanin komai ba, sai dai in farka a ƙasa, harshe a cije, kai na sara, mutane sun kewaye ni daga nesa ba wanda ya matso.

Ina 'yar shekara sha shida na fara, a bikin wata 'yar ƙanwar Baba. Malaman ruƙiyya biyu suka yi ta daka mini tsawa a kunne suna “fita, fita”, ba wanda ya fita sai akuyar Baba daga turke. Na uku shi ne ya gano bakin zaren. Ya dubi Inna ya ce, “Hajiya, lokacin da ta faɗi na farko me ake yi?”

Inna da ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba ta gyara mayafi don jin an ce mata Hajiya. Ta ce, “Kiɗa ake yi, Malam.”

“Na biyu fa?”

“Kiɗa.”

Ya shafa gemu ya yi murmushi. “To ai wannan ba na kora ba ne. Aljani ne Musulmi mai tsoron Allah. Kiɗa ne ba ya so. Ku riƙe shi da mutunci.”

Shi ke nan, kafin mu kai gida labari ya riga mu. Aka raɗa masa suna Ustazu. Matan unguwa in sun shigo sai su ce, “Safara'u ina kwana, ya Malam ya tashi?” Wata ta taɓa kawo masa dabino don ya taya ta addu'a mijinta ya daina caca, ni na cinye shi a bayan ɗaki. Mai wa'azin ranar kasuwa ya mai da ni hujja, yana cewa ga aljani ma ya san abin da ya kamata amma ɗan Adam ya ƙi ji. Inna kuwa tafiyarta ma ta canza. Ai dole, ita ce uwar yarinyar da aljaninta ya fi samarin gari riƙo da addini.

Wanda ya ɓata wannan daula shi ne Kawu Nababa, ƙanin Inna, direban bas ɗin da ke zuwa birni. A motarsa na faɗi wata rana da wani fasinja ya kunna waya. Bai yi shawara da kowa ba, mako na zagayowa ya kwashe mu ni da Inna sai wani babban asibiti a Kano. Aka tsefe mini kitso, aka manna mini wayoyi a ka kamar za a yi mini caji, sannan aka kunna irin waƙar da gangan. Da na dawo hayyacina likitar, wata mata mai tabarau, ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce farfaɗiya ce, irin wadda ba kasafai ake samu ba, wadda wani sauti na musamman yake tayarwa a cikin ƙwaƙwalwa. Ta ce ba a ɗaukarta ta yawu, ba a cusa wa mutum cokali a baki, a dai kwantar da shi ta gefe a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo. Ta rubuta magani safe da yamma, ta ce zai rage sosai, amma in guji waƙar.

Muka fito muka hau mota. Sannan Inna ta matsa kusa da kunnen Kawu ta ce, “Nababa, ka cuce ni. Na kawo yarinya da aljani mai daraja, ka mayar mini da ita da cuta.” Ta juyo gare ni. “Ke kuma, kalmar nan a motar nan za mu bar ta. In ta bi mu gida ban yafe ba.”

Kada ku yi saurin zaginta, kun san yadda abin yake a wajenmu. Mai aljani ana aurenta, har turare ake saya mata. Mai farfaɗiya kuwa, ƙannenta ma sai sun rasa manema. Saboda haka Ustazu ya ci gaba da zama, maganin kuma nake ɓoye shi a gwangwanin man shafawa, in wani ya gan ni ina sha in ce na shawara ne.

Abu ɗaya ne ya canza a gidan. Washegarin dawowarmu Inna ta sayo kofin roba kore, ta ɗaura masa jan zare a mariƙi, ta rataye shi a ƙusa can gefe da randa. Ta ce Ustazu ba ya son haɗa kofi da kowa. Shekara biyu yana jikina yana shan ruwa a moɗar gida bai taɓa ƙorafi ba, sai da likita ta yi magana. Na gane, ita ma ta san na gane. Wallahi kofin nan ya fi faɗuwar yi mini ciwo, amma shekara huɗu ina sha a ciki ban ce komai ba.

Yanzu ku ji inda ƙaddara ta yi mini dariya. Ta duba duk samarin Minjibir, manoma, teloli, malaman firamare, 'yan ƙwadago, ta tsallake su duka ta haɗa ni da mai tura waƙa. Badaru sunansa. Rumfarsa na bakin kasuwa, yana cajin waya da hasken rana yana cika wa mutane memori da waƙoƙi, lasifikarsa ba ta hutawa. Ranar da na fara zuwa don ya tura mini karatu, a tsallaken titi na tsaya, yatsuna biyu a kunne ta ƙarƙashin hijabi, ina yi masa alama da ka. Ya kashe kiɗan ya tsallako, dogo, baƙi, da wata hula da ta ga duniya. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin mace mai kunya irina ba, wadda ko kusa da rumfar maza ba ta iya zuwa. Ya tura mini karatun, ya tura lambarsa kyauta.

Kun san sauran. Saƙo safe, saƙo la'asar. “Gimbiyata kin ci abinci?” In ce na ci, alhali fate-faten tsaki ne ba mai. Ranar Juma'a yakan zo zance bayan la'asar a kan baburinsa, da man kwalba ɗaya da yake tattali kamar turaren Makka, ga 'yar lasifika mai caji ɗaure da roba a kan tanki. Na gaya masa Baba ba ya son kiɗa, don haka yakan kashe ta a gindin rimin da ke bakin gari. Amma kafin ya kai rimin nakan jiyo dum-dum ɗinta daga nesa, sai in faɗa ɗaki in toshe kunne ina karanta Ƙulhuwallahu har ta mutu. Ƙawayena suna cewa zumuɗi ne yake sa ni gudu ɗaki in yi kwalliya.

Labarin Ustazu ya ji shi, ya ma yi dariya. “Ki gaya wa Malam ya kwantar da hankalinsa, zan riƙa sa masa karatu da asuba.” Ni ma na yi dariyar.

Aka kawo gaisuwa, aka sa rana bayan an cire gyaɗa. Sai ga saƙo wata Talata da rana.

“Gimbiyata na yi miki abin da ba a taɓa yi wa wata a garinku ba.”

“Me ke nan?”

“Na sayar da ragona na je situdiyo a Kano an yi mana waƙar biki. Minti bakwai. Sunanki sau goma sha ɗaya, na Hajiya sau uku, na Gwaggo Asama'u sau biyu. Ita za a kunna ranar kamu. Ba ruwanmu da janareto, lasifikata ta isa.”

Hajiya Mairo ita ce mahaifiyarsa, tsohuwar 'yar kasuwar hatsi a Dawanau, wadda aka ce in ta cusa hannu a buhu tana gaya maka gonar da aka noma shi. Gwaggo Asama'u kuma ƙanwar babansa ce, jakadiyar dangi, ita ake aikawa duk inda ake son a ji ƙwaƙwaf.

Waƙar ta shigo wayata. Na kalle ta kamar kunama a cikin takalmi. Na rubuta, “Ta yi daɗi sosai, Allah Ya saka.”

“Ai ba ki buɗe ba. Ina gani daga nan.”

Ka ji illar son mai sana'ar waya. Na ɗauki wayar na je rumbu, na tura ta can cikin ƙaiƙayi, na danna, na zura da gudu har bayan gida. Minti bakwai kajin Inna suka sha waƙar bikina. Na dawo na rubuta masa cewa har hawaye na yi, kuma wannan ba ƙarya ba ce.

Ana haka sai wata magana ta isa gidan su Badaru. Ban san wa ya kai ba, wataƙila wani da yake motar Kawu ranar nan. Aka ce wa Hajiya Mairo a bincika da kyau, faɗuwar yarinyar nan ba ta yi kama da ta iska ba. Sai ga aike, Gwaggo Asama'u za ta zo gaida Inna ranar Laraba da hantsi. Wata maƙwabciyarsu da take sayen man gyaɗa a wurin Inna ta tsegunta mana sauran: Gwaggo ta sa an ɗora mata waƙar bikin a matsayin ƙarar kiran waya, kuma waya biyu za ta zo da su, ta kira ɗaya da ɗaya a gabana ta ga abin da zai faru da idonta. In na faɗi da kumfa a baki, magana ta ƙare.

Inna ba ta girgiza ba. Ta ce, “Asama'u ce za ta yi mini wayo? Ina daka tana goye.” Ranar Laraba ta samo auduga ta cuɗa ta da man kaɗanya, ta dunƙula, ta danna mini a kunnuwa har sai da na ji a haƙori. Ta ɗaure da kallabi tamau, ta ɗora ɗankwalin atamfata mai ganyen gwanda, ta kifa hijabi ruwan toka a kai. Duniya ta ɗauke ɗif. Kafin nan ta riga ta koya mini darasi: in ta buga mafici a gwiwarta sau ɗaya in ce “lafiya lau”, in sau biyu in ce “amin”, in ba ta buga ba in sunkuyar da kai kamar 'yar mutunci.

Baba yana zaune yana gyara fartanya yana kallonmu. Na ga bakinsa ya motsa. Daga baya na tambaye shi me ya ce, ya ce cewa ya yi, “Barira, aure fa ba wuni ɗaya ba ne. Gonar auduga za ki ba ta a kayan ɗaki?”

Gwaggo ta iso, gajeriya, da leshi ruwan ƙwai da mayafi mai duwatsu, idanunta na yawo kamar na mai neman allura. Aka shimfiɗa mata tabarmar baƙi a ɗakin Inna, gaban jeren kwanukan samira da Inna take ji da su. Na durƙusa. Mafici ɗaya, “lafiya lau”. Mafici biyu, “amin”. Komai na tafiya daidai. Sai na ga hannun Gwaggo na hagu ya shige ƙarƙashin mayafi, wayar da ke kan cinyarta ta kawo wuta. Ba ta ɗauka ba. Ta ƙura mini ido, wayar na ta walƙiya. Ni kuwa ko gezau, kamar an dasa ni. Ta katse ta sake kira. Sau huɗu. Inna ta ce a karo na huɗu har kafaɗa Gwaggo take kaɗawa in an zo wurin sunanta. Na saci kallon Inna, fuskarta kamar wadda aka biya wa Makka.

Da a nan aka tsaya da mun ci riba. Sai tunkiyar Baba ta biyo ƙamshin ƙuli-ƙuli ta kutso ɗakin ta bayana, ta bangaji jeren samira. Kwano goma sha biyu da murafensu suka zubo ƙasa. Inna ta ce ƙarar har masu ɗiban ruwa a rijiya sun ji. Gwaggo ta zabura ta yar da waya, Inna ta yi salati ta miƙe, maficin ya faɗi a gwiwarta sau ɗaya. Ni kuwa ina durƙushe, kaina a ƙasa, na ce cikin ladabi, “Lafiya lau.”

Aka ce Gwaggo ta daɗe tana kallona. Da za ta fita ta tsaya a bayana ta kira sunana sau uku, na uku da ƙarfi. Sannan ta gyaɗa kai ta sa takalminta.

Da la'asar ina bayan rumbu, inda sabis yake kamawa, saƙon Badaru ya shigo.

“Albishirinki. Gwaggo ta ce ba ki da farfaɗiya. Alhamdulillah, wallahi har na ji sanyi.”

Kafin in haɗiye wannan sai ga na biyu.

“Amma ta ce kurma ce ke. Na ce mata kullum muna waya. Ta ce ai waya a kunne ake manna ta. Hajiya ta ce a dakata da kawo lefe sai ta gane kan zancen.”

Na kai wa Inna. Ta zauna a kan turmi ta yi tagumi, can sai ta ɗago da fara'a. “To ai da sauƙi. A bar su a kan kurmancin. Kurma ana aurenta, maza ma sun fi son wadda ba ta jin abin da suke faɗa a waya. Bayan biki da wata biyu sai mu ce Ustazu ya buɗe kunnen.”

Na ce, “Inna, ranar kamu fa? Bayan kamu fa? Gidan mai tura waƙa za ki kai ni.”

“Allah na nan.”

“In na faɗi a gaban murhu, shi bai san abin da zai yi ba fa? In ya danna mini cokali a baki?”

Ta kawar da kai. “Na ce miki kalmar nan ban yafe ba.”

Na koma bayan rumbu na zauna a kan dutse. Ba kurmancin ne yake cina ba, wannan “alhamdulillah” ɗin nasa ne. Mutumin da nake so ya yi hamdala don ba ni ce ni ba. Na yi kuka mai isata. Ina son Badaru, ina son sa har da tsohuwar hularsa, kuma na san abin da zan yi zai iya raba ni da shi. Amma na gaji. Shekara shida ina ɗauke da aljanin da bai taɓa zuwa ba, yanzu kuma a ƙara mini kurmanci, gobe ban san me Inna za ta ɗora ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mu kuwa mun kai ƙarshensa har muna tono da farce.

Na ciro katin asibiti daga ƙasan akwati na ɗauke shi hoto na tura masa. Sannan na danna wurin murya na yi magana. Na faɗi kalmar da bakina, karo na farko tun a motar Kawu. Na gaya masa babu Ustazu, ba a taɓa yin sa ba. Na gaya masa audugar, da maficin, da kajin da suka saurari waƙarsa. Na gaya masa abin da likita ta ce, da maganin da ke gwangwanin man shafawa, har da koren kofi mai jan zare. Na ce in ya fasa ba zan riƙe shi a rai ba, wannan kam ƙarya na yi. Na tura.

Alama ta yi shuɗi. Na ga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina. Daga nan shiru.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, ko “kin ci abinci” babu. Na gaya wa Baba abin da na yi, ya ce, “Allah Ya yi miki albarka.” Inna da ta ji, ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Wuni biyu ba ta haɗa ido da ni ba, sai dai ta ajiye mini abinci ta wuce.

Ranar Juma'a bayan la'asar ban yi wanka ba, ban shafa ko hoda ba. Ina tsakar gida da tsohon zanin aiki ina ɓarar gyaɗa, amma kunnena na wajen rimi. Lokacin dum-dum ya yi, babu dum-dum. Na ce shi ke nan, Safara'u, kin kashe aurenki da bakinki, sai ki auri gaskiyar. Sai na ji ƙarar babur ita kaɗai, a hankali, kamar mai ɗauke da kaya mai nauyi, ta zo ta mutu a ƙofar gida.

Na leƙa ta ɓular zana. Badaru ne. Kan tankin babu komai sai robar da take lilo. A bayansa kuma wata katafariyar mata tana saukowa da ƙyar, leshi ruwan ƙasa, mayafi babba, haƙorin Makka yana ƙyalli.

Inna ta gano ta, ta ruga ɗaki ta fito da dunƙulen auduga. Na ce, “Inna, a'a.” Hannunta ya tsaya a sama. Kafin ta yi magana an yi sallama.

Badaru ya tsaya a zaure wurin Baba. Hajiya Mairo ta shigo, ta zauna a tabarma, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka jajanta tsadar taki da ta masara. Inna ta kawo ruwa a kofin silba na baƙi. Hajiya ba ta karɓa ba. Ta ɗaga kai ta dubi wajen randa.

“Wancan koren ne nata?”

Inna ta yi yaƙe. “Ai Hajiya, shi Malamin da ke jikinta ne ba ya son…”

“Barira, na ji saƙon da kunnena. Sau uku yaron nan ya kunna mini. Kwana biyu shi ne kaɗai abin da aka kunna a gidana, har maƙwabta sun shigo tambaya ko rasuwa aka yi.” Ta dube ni. “Ke, ɗebo mini ruwa a ciki.”

Na tashi. Na ciro kofin daga ƙusa, na cika, na durƙusa na miƙa. Ta riƙe shi tana juyawa.

Ta ce, “Shekara talatin ina auna hatsi a Dawanau. Yanzu da duniya ta yi zafi, kowane buhu samansa gero ne ƙasansa yashi, mai shi kuma yana rantsuwa. Ban taɓa ganin wanda ya zazzage mini ƙasan buhunsa da kansa ba sai ke. Ban ce ban ji tsoro ba. Jiya sai da na sa ya kai ni wurin wani likita na tambaya da bakina.”

Ta kafa kai ta sha, ta sha, har na ga maƙoshinta na motsi. Ta sauke, ta goge baki da gefen mayafi.

“Lefe zai zo ranar Lahadi. Kamu kuma da kalangu za a yi, ni ma na fi iya taka shi. Asama'u ta rantse sai an kunna waƙar da ke da sunanta, wannan yaƙina ne, ki bar ni da ita.”

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na buɗe baki in yi godiya, sai na ga ba ta gama ba. Akwai sauran ruwa a kofin. Ta miƙa wa Inna.

“Ruwan randarku akwai sanyi, Barira. Ke ma sha.”

 Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta dubi kofin, ta dubi jan zaren da ta ɗaura da kanta, wanda ya koɗe har ya koma ruwan hoda. Sannan ta dube ni, karo na farko cikin wuni biyu. Audugar tana nan dunƙule a tafinta, ta sake ta ta faɗi ƙasa.

Ta ce a hankali, “Ai da ma shi Ustazu ba ya hana mutanen kirki.” 

Ta shanye ruwan tas. Da ta tashi mayar da kofin ba ta nufi ƙusa ba, a kan murfin randa ta kife shi, kusa da moɗar gida.